Na'urar Da Ta Koyi Cewa Babu

Jama'a, yau na ga ci gaba da idona.

Autata, wadda muke wa tsiya da Likita, ta tura takardunta ta imel zuwa ofishin da ke ɗaukar masu koyon aikin jinya. Ƙawayenta duk an kira su ganawa, ita shiru. Ga shi jibi ake rufewa. Uwarta ta ce, "Malam, in ba ka je ba ni zan je." Na san abin da zuwanta zai haifar, sai na ɗauki hulata.

Akawun ofis ya buga sunan yarinya a kwamfuta. Wani ɗan zobe ya juya sau ɗaya a fuskar kwamfutar, kafin in gyara zama akawun ya ce, "Babu."

Na ce, "Ɗana, ko akuya ka aika nema ai ta fi haka daɗewa."

Ya ce, "Baba, sabon tsari ne. Je ka ga Injiniya."

Injiniya wata baiwar Allah ce sa'ar ƙanwata, tana zaune a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, don na'urorin ake sanyaya wa, ba ita ba. Ta ce babbar na'urar da ke ajiye imel ɗinsu kamar sito ce da aka jibge kaya ba lakabi. In ana son nema ya yi sauri, sai an bar ta ta bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ta yi musu fihirisa, wato ta san inda kowanne yake. An fara, sai aka ce aikin yana sa kwamfutar Mai Girma Darakta nauyi, aka tsayar.

"To yaya take nema?"

"Tana tono ne da hannu. Akwai wa'adin da ake ba ta, in ya cika ba ta gama ba sai ta haƙura. Da wa'adin yana da tsawo, mutane suna layi suna gunaguni. Sai Mai Girma ya ce a rage shi."

"Sai ta riƙa samowa da wuri?"

"Sai ta riƙa cewa babu da wuri."

Allah ya ƙara wa Mai Girma basira! Ni da iya karatuna ban taɓa tunanin haka ake kashe layi ba. Har lambar yabo na gani a bango, ta saurin sallamar jama'a. Kuma gaskiya ce, ban ga wanda ya daɗe ba.

Na ce, "Hajiya, to ba abin da take gani ke nan?"

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Akwati ɗaya aka gama wa fihirisa. Na saƙonnin taya murna. Shi Oga yake dubawa kowace safiya. Duk saƙon da ke da kalmar murna a kansa, can yake faɗawa da kansa."

Na fito ina lissafin abin da zan gaya wa yarinyar da ta riga ta guga farar rigar da ba a ba ta ba. A bakin titi na labarta wa maƙwabcina mai faci. Ko ɗagowa daga tayar bai yi ba, ya ce, "To ka taya Daraktan murna mana."

"Murnar me?"

"Shi ka taɓa jin ya tambaya?"

A wayarsa muka sake tura takardun. A kan saƙon na sa aka rubuta: Murna da fatan alheri ga Mai Girma, daga Likita. Na koma da gudu. Akawu ya buga, zoben nan ko juyawa bai yi ba, ga suna ya fito, ga takardu reras. Ya ce ta zo ganawa gobe da safe.

Yanzu Likita tana ɗaki tana bitar yadda ake auna zafin jiki da bugun jini. Ni kuwa na ce ta ajiye wannan tukuna, ta zo mu shirya amsar da ta fi muhimmanci, ko da Allah zai sa a tambaye ta murnar me take yi. Mun tsaya a kan ta ce murnar saurin aiki.