Rasuwar Goggo, Siwicin da Ba a Taɓa Kashewa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen da ya rasa abin saurare, Injiniya mai kula da ɗakin kwamfutoci yana sanar da ma'aikata da abokan arziki rasuwar Goggo, siwicin da ke saman kanta ta bayan ƙofa. Ga wanda bai san ta ba, ita ce baƙin akwatin ƙarfen nan da duk wata wayar kwamfuta ta ginin ke ƙarewa a bakinta. Saƙon akanta zuwa ga Manaja ta hannunta yake bi. Haka ma gulmar akanta a kan Manaja. Ba ta taɓa haɗa su faɗa ba.

Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya.

Injiniya ya tarar da ita a wurin lokacin da ya dawo daga karatu. A taronsa na farko ya ce tsohuwa ce, a sauya ta. Waɗanda suka tafa masa duk sun bar aiki, ita tana nan. Ba ta da magana sai "huuuu", dare da rana, tana ƙifta korayen idanunta.

Ciwon ya fara ne daga fankar cikinta. "Huuuu" ya koma "kirr, kirr". Injiniya ya kira dila, dila ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, wa ke ta irinku yanzu? Masu ƙerawa sun juya wa ƙananan ɗakuna baya. Manyan gidajen adana bayanai na kwashe kaya tun suna da zafi." Fankar Goggo an daina yin ta. Sabon siwici kuma sai an bi layi, in ya iso ma da lasisin shekara-shekara yake zuwa: ka daina sabuntawa, ya daina gaishe ka. Manaja ya ce a bari sai baɗi. Injiniya ya ɗauko fankar falonsa ya kafa wa mara lafiya. Uwargida ta ce ashe dai yana da tausayi, ba a gida yake nuna shi ba.

Marigayiya ta tafi da ilimi mai yawa. Wace ƙofar jikinta ce ta wayar wane ofis, wa ke ganin wa, duk a kanta yake. Ƙa'idar sana'a ita ce, in ka yi mata gyara, ka ba ta umarnin adanawa don kada ta manta in wuta ta yanke. Injiniya ya ci jarrabawa a kan wannan ƙa'ida, yana kuma koya wa na baya. Shi dai bai taɓa adanawa ba, kullum sai an natsu ne, tunda Goggo ba a kashe ta. Manaja har yanzu yana zaton cire tsohuwa a jona sabuwa ne, aikin da bai wuce shan shayi ba. Ba a sanar da shi ba tukuna. Iyalai na neman wanda zai iya gaya masa.

Ta bar wayoyi masu yawa, shuɗaye duka, babu mai ɗauke da suna. Ta bar firinta, wadda dama ba ta da lafiya amma yanzu ta samu hujja. Ta bar ƙanwa guda ta aro, mara sunan kamfani, da dila ya kawo a kwali. Tana da sauri, an ce, sai dai ba ta san kowa a gidan ba.

Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai ɗauki gawa da zarar Injiniya ya daina danna mata maɓalli. Zaman makoki a ɗakin kwamfutoci ne, inda za a same shi durƙushe yana bin wayoyi ɗaya-ɗaya. A zo da ƙafa, domin imel ba zai iso ba. Kada a kawo komai. Wanda ya je teburinsa ya girgiza wayar kwamfutarsa da ƙarfi har Injiniya ya ga wacce ta motsa, ya gama ta'aziyya.