Waƙar Duba Mai Agogo

"...da gajiya kuma? Au, ashe kai ne. Na ɗauka mutum ne ya shigo, na ɓata gaisuwata a banza."

'Yar Ɗigo ce ke magana daga bayan kwamfutarta, a shagon buga takardu inda take aiki tun da ta gama karatun adabi. Wanda ya sami wannan kyakkyawar tarba kuwa kakanta ne, tsohon tela, shi ne ma ya laƙaba mata sunan tun tana zanin goyo saboda ƙanƙantarta. Ya sa sanda ya ture kwalin takardu daga kan benci, ya zauna yana haki.

"Riƙe gaisuwarki, ba na karɓar ragowa," in ji Tela. "Ba don lalura ba, me zai kawo ni wurin matar da na saka tun bara?"

"Ka sake ni ko na gudu? Wa zai zauna da mijin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Su ne dai suka tauna miki nama lokacin da bakinki yake wayam. Ungo, mummuna, buga mini wannan. Da manyan baƙaƙe, Mai Agogo zan kai wa."

Ya miƙo mata shafin da ya yago daga tsohon littafin awonsa. Jin sunan, sai 'Yar Ɗigo ta gyara zama. Shekara arba'in rumfar gyaran agogo ta Mai Agogo na kallon ta kakanta, kuma ba a taɓa wayewar gari ɗaya bai jefi ɗaya da baitin zambo ba, har masu wucewa kan tsaya cin dariya kyauta. Mako uku ke nan ɓarin jikin Mai Agogo ya shanye. Yana kwance a asibiti, ya juya fuska bango, ba magana, abinci ma sai an yi da gaske. Kowa ya je dubiya ban da Tela, wanda kullum sai ya ce gobe. Ashe waƙa yake ta fama da ita. Ta karanta baitin farko a fili:

"Mutumin kirki, mai riƙon amana,
Bai taɓa saɓa wa kowa a magana,
Allah ya saka masa da Aljanna."

Ta ɗago kai. "Tsoho, wace irin waƙa ce wannan, don in san abin da zan rubuta a sama?"

"Ke da aka kashe shekara huɗu ana ɗura miki adabi ba ki gane yabo ba? Kai, an yi asarar takalmin zuwa makaranta."

"Yabo? To, mu dai an koya mana akwai yabo, akwai zambo, akwai wa'azi, akwai..."

"An koya muku! Kun zauna kun yanka waƙa gunduwa-gunduwa kamar mahauta, ko ɗango ɗaya ba ku iya haɗawa. Wace iri ce ban yi ba? Ƙwar biyu, mai layi biyu a baiti, ina taka keken ɗinki nake zubo ta. Ƙwar biyar kuwa ko cikin barci. In ɗauki baitin wani mai ɗango biyu in ɗora masa uku, tahamisi ke nan in ba ki sani ba, ya zauna daram kamar na sa wa riga hannu."

"Na ji labari. An ce mai baitin har kuka ya yi da ya ga abin da ka yi masa."

"Kukan daɗi. Waƙar soyayya kuwa, ki tambayi kakarki."

"Na tambaye ta. Ta ce tun ranar kunnenta na dama ya daina aiki."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Na yi waƙar wa'azi, mutum bakwai suka tuba nan take."

"Suka tuba da sauraronka."

"Yaro man kaza! Buga mini takardata in tafi, kafin a rufe ƙofar dubiya."

'Yar Ɗigo ba ta taɓa madannan kwamfutar ba. Ta bi sauran baitocin da ido, goma sha biyu cif, kowanne ya fi na gabansa ladabi. Ta lura da yadda aka kankare wasu kalmomin har takardar ta huje. Tsohon nan bai yi wasa da aikin ba.

"Gaskiya ƙwar uku ce lafiyayya," ta ce. "Amsa-amo ya zauna, kari bai karye ba. Ɗinki ya yi kyau, Tela, sai dai likkafani ka ɗinka. Wannan ba yabo ba ce, makoki ce."

"A bakinki! Mutum na da ransa?"

"Shi ne nake mamaki. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara arba'in ko sannu ba ka taɓa ce masa ba sai ka haɗa da baƙar magana. Ranar da ya ji ka kira shi mutumin kirki, ai ya san likita ya faɗa maka abin da aka ɓoye masa. Sai ya miƙe ƙafa kawai, ya cika maka waƙarka."

Tela ya shiga murza kan sandarsa, injin hoto na ta gurnani a gefensa. Da ya yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Tsoro nake ji, 'Yar Ɗigo. In na zage shi ya kalle ni, ya kasa ramawa fa?"

Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Amma ta san kakanta, in ka tausaya masa a fili ka gama karya shi. Sai ta juya ga kwamfuta ta taɓe baki.

"To ai shi ke nan, ka ci nasara karo na farko ke nan. Duk layinku an san shi ke kayar da kai. An ce har rufe rumfa kake yi da wuri in ya saki baiti."

"Ni? Wancan mai ido ɗaya a gilashi? Wa ya faɗa miki wannan ƙaryar? Rubuta! Rubuta, na ce!"

Ya miƙe tsaye, ya manta da ciwon gwiwa, yana dukan ƙasa da sanda yana auna kari:

"Na kai maka agogo yana tafiya,
Ka gyara shi, ya kwanta rashin lafiya,
Ashe koyi ka yi da shi, ragon duniya,
Tashi ka rama in kana da zuciya!"

Yatsunta suka bi shi a guje. "Ƙwar huɗu," ta ce, "zambo tsantsa, ba gauraye. Yau dai na ji waƙa a bakinka."

Tela ya fashe da dariya har da tari, yana goge ido da hannun riga. Ya zaro alƙalaminsa daga aljihun gaba ya ajiye mata a kan tebur.

"Kin ci, ja'ira. Riƙe wannan, kuɗin makarantarki bai tafi a banza ba. Amma kada ki cika shafin, bar mini rabinsa fari."

"Na mene ne?"

"Na amsarsa mana. Ko da hannun hagu ne sai ya rubuta. Wannan ɗan neman bai taɓa kwana da zagina a cikinsa ba."