Gara Ta Ci Ƙota

"To, ya gajiyar hanya, maigida? Ko har yanzu ƙafarka ba ta sauko daga motar kamiyo ba?"

"Gajiya ta bi lafiya, amarya. Ya haƙoran da suka rage?"

"Suna gaishe ka su huɗu. Sun ce ka matso da kunnenka su gwada ƙarfinsu."

Tsohuwa Batulu ce zaune a gindin turmi tana ɓarar gyaɗa, jikanta Mailafiya kuwa ya tsuguna gabanta yana ta gyara zaman hula. Da hantsi ne, bayan girbin 1957, a garin Matameye. Kwanansa uku da dawowa daga Kano, inda ya tafi cin rani da alkawarin ruwan farko zai same shi a gona, ya zarce abinsa har aka ɗaure gero ba da shi ba. Ya dawo da hula mai aiki, da takalmi mai ƙara, da baki cike da labari. Tun yana goye suke wannan wasa na kaka da jika, ita matarsa shi mijinta, kuma duk abin da suka faɗa wa juna ba ya kwana a zuciya.

"Shawara na zo nema," in ji Mailafiya, "ko da yake na san ba a nan ake samunta ba. Gobe da la'asar za a buɗe kalankuwa. Sarkin Samari ya ce tunda ni na ga birni, ni zan jera wa Idrisa mai kalangu waƙoƙin bana guda biyar. Wadda na ɗora a sama, ita za a fara bugawa, ni kaɗai zan shiga fili in taka. Kuma kawunnan Saratu za su zo daga Dungu su ga wanda ke neman ƴarsu."

Batulu ta ruɗe, har ta ɓare gyaɗa ta zubar da ƙwayar ta ajiye ɓawon. Bikin samari na bayan girbi ba shi ne damuwarta ba. Akwai wata waƙa da ta cika gari a bana, ana ce mata Gara Ta Ci Ƙota, kuma daga bakinta ta fito. A wannan turmin ta yi ta, lokacin noman farko, da haushin yaron nan ya cika mata ciki. Maƙwabciyarta Uwa ta jiyo ta bayan danga, ƴan mata suka kai ta rijiya, Idrisa ya ɗora ta a kalangu, kafin gero ya fid da kai ta tsallaka har Daura. Babu suna a cikinta, amma ko kajin Matameye sun san da wa ake. In ban da Uwa, ba wanda ya san mai ita. Batulu ta shiga roƙon Allah a ranta kada waƙar nan ta shiga biyar ɗinsa.

"Jero su in ji," ta ce. "Fara daga ƙasa, inda ka saba zama."

"Ta biyar, Jirgin Nguru Ya Makara. A faifan garmaho na ji ta, shagon wani tela a Fagge."

"Wannan akwatin da ake kulle mawaƙi a ciki, sai an murɗa masa kunne yake buɗe baki? To Idrisa a ina zai ji ta?"

"Ni zan rera masa."

"Da wannan muryar? Ranar da ka yi kiran salla kana yaro, jakin Illa ne kaɗai ya amsa."

"Ai shi ma don ya ga kin tsaya kusa ne, ya zaci ƴar uwarsa ce. Ta huɗu, Lallen Habi, wadda ƴan mata ke gaɗa da ita."

"Sata ce. Tamu ce ta shekarar fara, sun sake mata zane kawai."

"A zamaninku har an ƙirƙiro tafi?"

"Kai, yaro, ni da na taɓa yin rawa ranar kasuwa mahauta suka bar nama ungulu ta yi ta ci? Kakanka da ya gan ni, raƙuminsa ya tafi Damagaram shi kaɗai bai sani ba."

"Raƙumin ya fi shi hankali, ya gudu da wuri."

Ta ɗaga ɓawon gyaɗa ta jefe shi, ya kauce yana dariya. Ta uku wata ta goge ce da ya ji a tashar Daura, bai ma riƙe sunanta ba, kiɗan kawai ya zauna masa a ƙafa. Batulu ta bar ta ta wuce, don lissafi take yi. Saura biyu, kuma har yanzu ba a zo inda take tsoro ba.

"Ta biyu, Tsire Ya Ƙone, ta mahauta."

"Ita ke nan," Batulu ta yi caraf. "Wannan ita ce waƙa. Ɗora ta a sama ka huta. Kiɗanta na da nauyi, rawarta ta maza ce, kawunnan yarinya za su ce lallai sun sami suruki."

Mailafiya ya karkata kai yana dubanta. "Tun da aka haife ni ban taɓa jin kin yabi wani abu nawa ba. Ko zazzaɓi kike?"

"Ba kai na yaba ba, mahauta na yaba."

"To mahauta su yi haƙuri, na biyu suke. Ta ɗaya ba ta da abokiyar karawa." Ya miƙe, ya tura hula gaban goshi, ya buga takalmi a ƙasa, ya ɗauka:

"Wane ya tafi Kano sayen hula,
Gero ya fito bai ga mai shi ba.
Gara ta ci ƙota, ƙarfe ya yi tsatsa,
Gaisuwa ya aiko, a dafa a ci."

Ya juya, ya girgiza kafaɗa, ya sake juyawa. Gaskiya yaron ya iya rawa, abin da ya ƙara ɓata wa Batulu rai ke nan. Ta hango shi gobe a tsakiyar fili da wannan hular, gari duka na riƙe ciki, Saratu ta rufe fuska da gyale, kawunnanta suna neman hanyar Dungu tun rana ba ta faɗi ba. Tausayinsa ya kama ta, kunyar kanta kuma ta fi.

"Zauna, kana tayar mini da ƙura a gyaɗa," ta ce. "Wannan ai ba waƙa ba ce. Kiɗanta gurgu ne."

"Gurgu? Tun a kamiyo na fara jin ta, yaran mota na yi, har ma'aikacin duwan a iyaka yana kaɗa kai yana bincikar kaya. Kuma mutanen garin nan sun gane ina sonta. Duk inda na gifta sai a ɗauke ta. Jiya a bakin rijiya ƴan mata suka yi mini ita har sau uku."

"Sau uku."

"Sau uku, suna tafi. Haka ake tarbar wanda ya ga duniya."

"To a ganinka da wa ake?"

"Garba na Ɗan Barto mana. Sakaran nan da ke leƙen Saratu. Shi ya sa nake son a buga ta a gabansa."

"Garba a gona ya yi damina. Dami sittin ya ɗaure."

"To wani sakaran ne, ai ba su ƙarewa. Ni dai wanda ya yi waƙar nan nake jinjina wa. Ki ji yadda ya ajiye magana: gaisuwa ya aiko, a dafa a ci. Wannan sai babban mawaƙi, irin na Damagaram, mai yara goma a bayansa. Ba irin ta ku ta bakin turmi ba, da ba kai ba gindi."

Nan fa Batulu ta rasa inda za ta sa kanta. Rabin zuciyarta na cewa ta yi shiru, rabi na cewa ta tashi ta yi guɗa, don tun da take ba a taɓa kiranta babban mawaƙi ba, ko da bisa kuskure. Ta ga dai zagaye-zagaye ba zai cece shi ba.

"Maigida, kafin ka kai wa Idrisa jerin nan, yi mini aike. Leƙa bayan rumbu ka ɗauko mini hauyarka."

"Me za ki yi da hauya bayan girbi? Ko haƙori na biyar za ki sassaƙa?"

"Ɗauko dai."

Ya tafi yana wasa da kafaɗa, takalmi na ƙara. Ta ji ya tsaya. Ta ji wani abu ya faɗi ƙasa da nauyi. Da ya fito, ƙarfen hauya ne jajir da tsatsa a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuwa cike da garin itace da jar ƙasa. Ya dubi ƙarfen, ya kai hannu ya taɓa hular kansa, sannan ya zauna daɓas a kan turmin da ke kife. Takalmin ma ya yi shiru.

"Ashe shi ya sa sau uku," ya ce a hankali.

"Shi ya sa."

"Saratu ta sani?"

"Ita ce ke ba da amshi."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. "Wa ya yi mini wannan? Ki faɗa mini sunansa. Wallahi ko a Damagaram yake sai na je."

"Ba sai ka hau kamiyo ba. Kana zaune a kan turminsa."

Ya ɗago ido ya zuba mata. Batulu ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar an sa ta dole.

"Ke?"

"Ni, babban mawaƙi, mai kaji goma a bayansa. Ruwa ya sauka ba ka zo ba. Aka yi shuka ba ka zo ba. Ubanka ya yi noman farko da ciwon baya, sai ga mutum ya zo wai ka ce a gaishe mu. Da me zan daka haushina in ba da taɓarya ba? Ban ce ta fita gidan nan ba, danga ce ba ta da sirri."

"Kin kashe ni a garin nan, tsohuwa. In na taka ta, a yi mini dariya. In na cire ta, a ce na gane na gudu."

"Ba duka Idrisa ya ɗauka ba," ta ce. "Akwai baitin da Uwa ba ta ji ba, don ba da ƙarfi na yi shi ba." Ta share murya, ta rera ƙasa-ƙasa:

"Na dama fura na rufe da faifai,
Ta yi tsami ban ba kowa ba.
Kowace mota ta taso daga Daura,
Sai in ce wa kaji ga shi nan."

Mailafiya ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kakkaɓe garin itace daga tafin hannunsa, ko da yake ya riga ya fita tas. Kunya ta kama shi irin wadda dariyar gari duka ba za ta sa shi ba. Can sai ya ja hanci, ya mayar da hula kansa, ido ya fara yi masa ƙyalli irin na mugunta.

"Amarya, in baƙo ya zage ni a waƙa, me ake ce da shi?"

"Zambo."

"In matata ta gida, mai haƙori huɗu, ta zage ni fa?"

"Wasa ne, kowa ya sani." Ta tsaya. "Kai, kada ka soma."

"Na soma. Gobe ke za ki shiga fili ki ce wa Idrisa taki ce, ki ɗauke ta da bakinki, ni in taka. Wanda kakarsa ta yi masa waƙa har ta tsallaka iyaka, wa zai yi masa dariya? Sai dai Garba ya je ya roƙi tasa kakar."

"Ni? Shekara arba'in rabona da dandali. Liman har tsayawa yake mu gaisa."

"Gobe sai ya gaishe ki daga nesa. Ke kika ɗaura mini, ke za ki kwance."

"Gwiwata fa?"

"Wadda ta sa ungulu ta ƙoshi? Ko ƙarya kika yi mini?"

Batulu ta ajiye gyaɗar. Ta duba hagu ta duba dama, ba mafita, sai dariya ta ƙwace mata har da tari. "Allah ya isa tsakanina da danga," ta ce tana share ido. "Je ka ce wa Idrisa ya ɗaure kalangunsa da kyau, ba na waƙa a kan sakwarkwataccen kiɗa."

"To da baitin furar nan za ki fara, ya fi duka daɗi."

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro guda, ta ɓara shi biyu. Ta dubi ɓarin biyu, sannan ta miƙa masa babban, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"A'a," ta ce. "Gara da tsatsa na mutanen gari ne, su yi ta rawa. Wancan naka ne kai kaɗai."