Man Giya Mai Citta

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanen matata a Kurfi ba, kuma ba don daɗin da na ji ba.

Motata tsohuwa ce, ta girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba. Saboda yawan zaman gareji a Dutsin-Ma, sai na fara ɗaukar kaina rabin bakanike. Ranar na ɗauko Goggo Hajara, ƙanwar surukina, muka iso lafiya. Na ajiye motar daf da inda mata suka ɗora tukwanen shinkafa.

Ana shafa fatiha wani dattijo ya taɓa ni. "Malam, motarka fa tana yoyo."

Na leƙa. Wani jan ruwa mai duhu na ɗiga daga baya. Na san man giya in ya tsufa haka yake komawa, na kuma san tankin fetur a baya yake. (Giyar a gaba take, amma wannan bai faɗo mini a rai ba.) Sai na ɗaga murya:

"A kashe wuta! Fetur ne da man giya! Kowa ya matsa!"

Mata suka janye itace suna salati, aka sheƙa wa garwashi ruwa, shinkafa ko rabin dahuwa ba ta yi ba. Surukina ya iso a ruɗe. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, aikina ne." Na shige ƙarƙashin mota da farar shaddata, ina yi wa jama'a bayani daga can cewa lalataccen man giya ƙauri yake yi.

Na dangwala na shinshina. Babu ƙauri. Sai na lasa (kada a tambaye ni dalili). Zaƙi! Ga citta, ga kanumfari.

Na yi lamo ina tunanin ko in kwana a nan. Can sai ga ƙafafun Goggo.

"Ɗan nan, in ka gama kwanciyar, buɗe mini but in ɗauki zoɓona."

Ashe jarkar zoɓon da ta saka a bayan motar ce ta kife, murfin ya kwance. Na fito baya jajir, sai surukina ya ce: "To, Injiniya, a hura wutar?"

Sai bayan la'asar aka ci abinci, da jan tsaki maimakon zoɓo. Tun daga ranar, in na ga mota na ɗiga, but nake fara buɗewa kafin in buɗe baki.