Faifan Inkuba da Kunnen Ba Kabaso

Duk wanda ya san birnin Kitwe ya san arzikinta biyu ne: tagullar da ke ƙarƙashin ƙasa, da kunnen Ba Evaristo Kabaso da ke bisanta (a can "Ba" kalmar girmamawa ce, kamar Malam). Farashin tagulla yakan hau ya sauka. Kunnen bai taɓa sauka ba. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Masoyan Inkuba, shi ne sakatarenta, shi kuma ya rubuta mata dokoki, waɗanda sashe na huɗu a cikinsu ya haramta katse Shugaba. 'Yan unguwar Wusakile suna kiransa Kunnen Ƙasa. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka buga masa a kati.

Inkuba samari biyar ne da suka girgiza garuruwan ma'adinai da kiɗan rok a shekarun saba'in, da jita mai kururuwa da wando mai faɗin ƙafa. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Magulmata suna cewa Ba Kabaso bai taɓa zuwa wasansu ba, domin a lokacin yana rungume da littafin waƙoƙin coci yana kiran jita kakakin Shaiɗan, wai kuma ƙaunar tasa ta tsiro ne a shekarar da Turawa suka fara zuwa farautar tsofaffin fayafayai. Wannan hassada ce tsagwaronta. Ba a cancanci a tuhumi mutum da rashin halarta ba alhali shaidun duk suna kabari. Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

A bana wani kamfani a Turai ya buga ƙaramin faifan Inkuba, kore shar, guda ɗari uku kacal a duk duniya, kowanne da lambarsa. Fuska ta farko waƙar da kowa ya sani ce. A ta biyu aka sa wata da aka tsinto a tsohon tef, wadda ba a taɓa fitarwa ba, aka rubuta a kwalin cewa ba a san wanda ya rera ta ba. Guda goma sha biyu aka aiko Kitwe ta hannun Shugaba, kowanne kwacha ɗari tara a kuɗin ƙasar. Shi zai sayar, shi kuma zai yanke hukunci ko faifan ya cancanci saye. Ba kowane gari ne ke dace da alƙali da ɗan kasuwa cikin riga ɗaya ba.

Ranar Asabar da la'asar aka taru a zauren tsofaffin ma'aikatan ma'adinai domin jin hukuncin. A benci na ƙarshe akwai Bana Kangwa, wato Maman Kangwa, dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, da kwacha ɗari tara ɗaure a bakin zaninta. Kuɗin tabarau ne; likita ya ce idan ta ƙara jinkiri za ta fara ba masu saye canjin da ya fi cinikin. Amma tana da dalilin zuwa. A shekarar 1977, tana 'yar shekara sha tara, ta raka ƙawarta ɗakin ɗaukar waƙa a garin Ndola, aka tarar muryar mawaƙin Inkuba ta dushe, aka tura ta gaban makirufo ta rera waƙa ɗaya. Tef ɗin ya ɓata. Ba ta taɓa jin kanta ba, kuma ta daina ba da labarin tun da 'ya'yanta suka fara yi mata dariya. Idan ita ce a faifan, tabarau ya jira wata shekara. Idan ba ita ba ce, ta koma wa kifinta.

Ba Kabaso ya shigo da farin safar hannu. Ya ɗora garmahonsa bisa tebur kamar mai ajiye jariri, ya gyara tsayuwa.

"'Yan'uwa masoya," in ji shi, "kunne iri uku ne. Akwai kunnen kasuwa, akwai kunnen coci, akwai kuma wanda Allah ya ɗora mini nauyinsa. Fuska ta farko ba zan ɓata allurata a kanta ba, ko awakin unguwar Chamboli sun haddace ta. Ta biyu za mu ji. Kwana tara ina saurarenta, na rame."

"Ba Shugaba, ramar a tumbi ta taru?" in ji Bashi Lombe, tela.

"Sashe na huɗu, Bashi Lombe."

Allura ta sauka. Ganga ta taso a hankali kamar mai ciwon gwiwa yana hawa tudu. Jita ta yi nishi. Sai wata murya ta biyo baya, mai kauri, mai nauyi, tana jan kowace kalma har ta tsinke kafin ta kai ƙarshe. Tsofaffin suka gyaɗa kai. Yawancinsu sun bar rabin jinsu a ƙarƙashin ƙasa wajen injin fasa dutse, saboda haka fuskar Shugaba suke saurare, ita kuwa ta nuna waƙar ta kai.

Bana Kangwa ta sassauta hannunta daga bakin zani. Wannan ƙato ne, ba ita ba. Har ta fara neman takalminta da ƙafa, sai a farkon baiti na biyu mai waƙar ya yi wani dogon gurnani irin na bijimi. Ta tsaya cak. Daidai nan ta yi tari a Ndola, mai ganga ya harare ta, aka ce babu tef ɗin sakewa.

Waƙa ta ƙare. Ba Kabaso ya share ido da safar hannu.

"Kun ji muryar rami," ya ce. "Kukan mahaƙi ne da bai ga rana ba. Turawa sun ce ba a san shi ba. Su ne ba su sani ba. Ni na san shi. Mun ci tuwon nshima a kwano ɗaya. Ƙato ne, sai ya sunkuya yake shiga wannan ƙofa. Ya rasu a hannuna, ni na ɗauki gaban akwatin gawarsa, kafaɗar nan har yau takan motsa idan hadari ya haɗu. Na riga na rubuta wa kamfanin duk wannan, sun ce za su buga. Hukuncina shi ne, wanda bai sayi faifan nan ba, kada ya ƙara kiran kansa masoyi."

Aka yi tafi. Bana Kangwa, mace mai bin doka, ta jira har tafin ya mutu, sannan ta tako gaban tebur. Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa garmahon, ta lalubo wani ɗan maɓalli a gefe. Yana kan talatin da uku, gudun manyan fayafayai, inda ya zauna tun ranar da Shugaba ya sayi na'urar. Kowace yarinyar da ta yi rawa a zamaninsu ta san ƙaramin faifai arba'in da biyar yake so. Ta tura shi, ta mayar da allura.

Ganga ta zabura. Jita ta yi ihu. Muryar wata yarinya ta fito tas, siririya, mai tsiwa, tana yi wa wani saurayi gori a kan takalmin da ya yi alkawari bai kawo ba. A baiti na biyu ta yi ɗan tari. Bana Kangwa ta bi ta kalma da kalma, ta yi tarin tare da ita, idonta ya cika. Bashi Lombe ya tashi yana taka rawa da gwiwa ɗaya.

Da aka yi shiru ta juya.

"Ba Shugaba, sannu da ɗawainiya. Ashe kai ka ɗauki akwatina. Na yi nauyi ƙwarai?"

Zauren ya kece da dariya, waɗanda ba su ji ba aka maimaita musu da ƙarfi, suka yi tasu daga baya. Amma tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Ba Kabaso ya bayyana wa taro cewa da gangan ya rage gudun domin ya gwada kunnuwansu, kuma abin takaici mutum ɗaya ne ya ci jarrabawar. Sannan ya ja Bana Kangwa gefe, ya rage murya, ya manta cewa a zauren kurame kowa ya iya karanta leɓe.

"Bamayo, uwata, ki dubi girman Allah. A kasuwar faifai mataccen mawaƙi ya fi rayayye tsada, ga wasiƙata kuma ta riga ta isa Turai. Ban da wannan, saura guda goma sha ɗaya ban sayar ba. Ki taimake ni ki ci gaba da mutuwa zuwa ƙarshen wata."

Bana Kangwa ta yi nazarin roƙon yadda ya kamata. Ta ɗaga faifan daga garmaho, ta zura shi cikin kwalinsa, ta sa a hammata, ta ƙara tamke bakin zaninta.

"Bamayo, kuɗin fa?"

"Haba, Ba Shugaba," in ji ta. "Kai da ka binne ni da hannunka, a ina ka taɓa ganin gawa ta biya?"