Mode Ya Tace Intanet da Labule

"In dai ina numfashi, ko ƙyallin batsa ba shi shiga wurin ga!" in ji Mode, ranar da aka damƙa masa kwamfutocin laburare a Bodinga. Ka san Mode? Shi ne ya leƙa kwas ɗin kwamfuta a Sakkwato, ya dawo ya naɗa wa kansa Injiniya. Kurin nan kuwa ba don Allah kaɗai yake yi ba. Zulai yake so, 'yar Malam Abdulƙadir na Shagari, malamin da ya ce sai mai kamun kai zai ba 'yarsa.

Kwamfutocin sun zo da manhajar da ke toshe shafukan banza. Injiniya ya dube ta, ya taɓe baki.

"Wanda yay yi wagga bai san kunya ba."

Ya ɗaure ta tamau. Ɗalibai suka zo duba sakamakon jarrabawa, ta toshe. Wani makiyayi daga Horo Birni ya zo neman maganin ciwon shanu, ta toshe, Mode ya ce daidai ne, ai shanun ba sutura. Ranar da ta toshe karatun Alƙur'ani, dattawa suka fara tambayar ɗan gidan wane ne. Gogan naka ya fusata ya goge ta ƙarƙaf. Mayar da ita ya gagara, ga zamani ya yi tsanani, ba mai ɗauko masa gwani daga birni.

Sai ya nufi shagon Maniru tela.

"Labule nika so, baƙi, mai kauri."

"Na taga?"

"Na kwamfuta."

Maniru bai ƙara tambaya ba, don ya kwana biyu bai taka keke ba.

Ga yadda tsarin yake. Ka faɗi abin da kake nema, Mode ya cusa kai cikin labule kamar mai hoto na da, ya duba. In shafin na kirki ne, ya ɗage maka. In ba na kirki ba ne, ya ƙwala "A'uzu billahi!" ya rufe. Tun ana jin a'uziyyar jefi-jefi har ta zama ba hutu. Masu lura sun ce wani lokaci takan ɗan jima kafin ta fito.

Ran nan Malam Abdulƙadir ya ci kasuwa, ya biyo ya ga sana'ar mai neman 'yarsa. Bai tarar da komai ba sai ƙugun Injiniya da ƙafafu, sauran yana cikin labule.

"A'uzu billahi!"

Mode ya fito jiƙe da gumi, ido jajir. Ganin Malam, ya zube, ransa fari ƙal, yau za a san darajarsa.

"Mi kaka yi ciki, ɗana?"

"Tacewa, Allah gafarta Malam. Dud ƙazantar duniya, ni ka tare ta."

"Kana ganin ta ke nan?"

"Sahe da marece! Abin da idon ga yag gani, ko tsohon ɗan bariki bai gan shi ba."

"Wa ka ganin ta bayan kai?"

"Ko mutum guda, Malam! Ni kaɗai na!"

Malam ya gyaɗa kai, ya gyara rawani.

"Allah shi saka maka, ka tsare gari. Amma ɗiya guda gare ni, ba ni ba da ta ga wanda yah hi kowa kallon batsa cikin Bodinga."