Kifin Kallo a Gidan Tanimu

Tanimu tela, mai shago a bakin tashar Kontagora, mutum ne da in ya ga abu a waya, to shi da kwanciyar hankali sun raba gari. Ran nan ya ga wasu masu hali sun zuba kifi a akwatin gilashi a falo suna kallo, ya ce wallahi ba a fi shi iya zaman duniya ba. Yana komawa gida idonsa ya faɗa kan tankin roba da matarsa Hansatu ke tara ruwa a ciki, don famfon unguwar sai ya ga dama yake zuwa. Bawan Allah ya tsiyaye ruwan tas, ya sa zarto ya fille wa tanki kai, ya yanke taga a cikinsa ya liƙa gilashin wata tsohuwar mota. Ya zuba tsakuwa, ya tsinko furannin roba na ɗakin matar ya dasa, har da ƙwan lantarki shuɗi. Sannan ya sa aka kawo masa waɗansu jajayen kifaye daga Kaduna, babbansu bai kai tafin hannu ba, shi ne ya raɗa wa suna Ciyaman. Hansatu ta koma jan guga a rijiyar maƙwabta. Da ta yi magana ya ce mata matsalarta ba ta san ci gaba ba.

Majalisar da yake zaman hira da abokansa kuwa ta shiga uku. A yi zancen siyasa, Tanimu ya kawo Ciyaman. A yi zancen ƙwallo, ya ce ai ba su ga yadda Ciyaman ke juya bindi ba. Har Bawa direba, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya gaji ya ce, "Kai malam, ka ishe mu! Wanda ya kasa ɗinka aljihu daidai ne zai kiwata kifin Turawa? Gani ya kori ji." Maganar ta yi wa Tanimu zafi ƙwarai. Ya rantse ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kai su gida su gani, in ƙarya ne kada a ƙara ba shi wurin zama a benci.

Ranar Juma'a ya taso su gaba, yana tafe yana baza babbar riga. Ya zaunar da su a zaure ya leƙa ciki don ya ce mata su kauce, sai ya ji muryar surukarsa, Inna Kulu. Ashe tun da hantsi ta sauka daga Yawuri ba sanarwa. Tsohuwa 'yar masunta ce gaba da baya, kuma a wajensu in ka tarar da kifi da rai cikin ruwa a gida, to baƙo aka ajiye wa don ya ci sabo. Tanimu ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya ja da baya, bai ko ɗaga ido ya dubi tsakar gida ba. Jim kaɗan sai ga faranti an miƙo zaure, soyayyen kifi ƙanana-ƙanana ya sha yaji da albasa. Aka yi bismilla, aka tashi da shi har ƙaya. Tanimu a matsayinsa na mai gida shi ya ɗauki babban.

Da aka wanke hannu ya ce, "To, mahassada, ku taso." Aka yi sallama aka shiga. Ga tanki, ga furen roba, ga shuɗiyar wuta tana ci da rana tsaka, amma ko motsi babu a ruwan. Tanimu ya kafa ido a gilashi, ya zaga ya leƙa ta sama. Sai ya hango ɓawon kifi ja a bakin magudana, kaji na tsattsaga. Ya dubi Hansatu, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ta goge kaskon suya kamar ba a duniyar take ba.

Bawa ya sa tsinke a haƙori ya ce, "Allah ya jiƙan Ciyaman. Ya yi daɗi kuwa."

Suruka ba abar yi wa tsawa ba ce. Tanimu ya danne fushinsa, ya sake durƙusawa a gaban Inna Kulu.

"Inna, sannu da aiki. Amma kifin nan fa... na kallo ne."

"Na me?"

"Na kallo, Inna. Ba a cin su. Zama ake yi a yi ta kallonsu, rai ya yi fari."

Tsohuwa ta riƙe haɓa. Ta dubi 'yarta tun daga sama har ƙasa, ta juyo ta dube shi.

"Ikon Allah! Shi ya sa na tarar da yarinya ta zama kamar sillen kara. Ashe a gidan nan abinci kallonsa ake yi."